Kwamfutar da Ta Kife Domnica

Dorohoi, 21 ga Oktoba

Ƙanwata Domnica,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Sinyora, tsohuwar matar nan da kike jinya a Padova. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke riga rediyo sanin za a yi ruwa. Kasuwa tana nan yadda kika bar ta: a shafa rigar sanyi, a tambayi kuɗinta, a ce za a dawo. Mahaifiyarki, Gwaggo Profira, jiki da sauƙi, sai dai hannun dama har yau bai dawo ba.

Kafin in shiga magana, bari in jinjina wa kwamfutar nan da kika aiko mata. Shekara ashirin da shida ina sayar da gwanjo, ban taɓa ganin kaya mai ladabi irinta ba. Ka buɗe ta, littafi ce. Ka tura allon baya, ta durƙusa ta zama jinkar ɗaki. Ka ninke ta gaba ɗaya, ta koma faranti. Kuma duk inda ka juya ta, hoton zai juyo ya fuskance ka, kamar ɗan takara ana saura kwana uku zaɓe. Na ce wa Aglaia, maƙwabciyar da ke kula da Gwaggo, “Kin ga tarbiyyar Italiya ko? Ko matar ɗanki ba ta lanƙwasa miki haka.”

Ga ta da himma kuma. Ran Juma'a, ba wanda ya sa ta, ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Muka ba ta girmanta, muka jira. Ashe ɗan wayon da take da shi ne ta je ta zubar.

Kin san a siffar jinkar nan na girke ta a kan teburin gefen gado, don Gwaggo ta gan ki ba sai ta riƙe komai ba. Lahadi uku kun sha hira lafiya. Lahadin nan da ta wuce kuwa kika fito a kife: kai ƙasa, kafaɗu sama, 'yan kunnenki suna lilo suna duban rufi. Ga ki kina ta dariya a haka. Daga nan kin ɗauka layi ne ya katse. Ba layi ba ne. Na kai hannu in juya ta, Gwaggo ta make ni da hannun mai lafiya.

“Gavril, rufe ta.”

“Gwaggo, na'ura ce ta rikice, yanzu zan...”

“Na ce rufe ta. Da farin tawul, ba da bargo ba.”

Ba sai na tuna miki ba. Ranar da aka fita da gawar mahaifinki, Kawu Toader, ita da kanta ta lulluɓe madubi da farin tawul, kuma ana ɗaga akwatin ta kife kujerun da aka ɗora shi a kai, ƙafafu sama, don kada mutuwa ta samu wurin zama. A wurinta duk abin da ke kife ya gama da duniya. Ta ce mini, “Mai rai ba ya tsayuwa da ka. A can ne komai yake a juye.”

In gajarce miki: mahaifiyarki ta sakankance kin mutu a Italiya, kuma mu muna ɓoye mata. Ta sa an kunna miki kyandir a taga. Kwana biyu ke nan kwanon miya yana komawa yadda ya zo.

Na rubuto ne maimakon in kira, tunda kin ce ƙarar waya tana firgita Sinyora. Ran Lahadi kuwa Gwaggo tana kusa, kuma kin san kunnenta: ba ya jin kira, amma yana jin raɗa. Na ba Nelu direba wasiƙar tare da cuku da kwalbar zuma. Ki tambayi wanda ya sayar miki da wannan 'yar ladabi yadda ake hana ta juyi.

Yayanki,
Gavril

Padova, 31 ga Oktoba

Yaya Gavril,

Na samu wasiƙa, na samu cuku. Zumar ta tsiyaye a kan wani ɓangare na maganarka, amma da yake kai ne, abin da ya rage ya ishi mutum uku. Ina lafiya, sai baya. Sinyora ba ta gane kowa yanzu sai ni, ni ɗin ma da sunan ƙanwarta take kirana.

Ni ma a kife na ga Mama ran nan, shi ya ba ni dariya. Da na san abin da take gani da ban yi ba. Amma kai ma ka cika kambama abu. Sau biyu Mama ta yi wa Baba kukan mutuwa tun yana da ransa, don kawai ya makara a wurin niƙa. Za ta huce.

Jiya Alhamis, ranar hutuna, na je shagon. Mutumin ya ce ba wani abu ba ne. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka kunna. Ka ninke ta kamar faranti, ka riƙe ta daidai, ka taɓa kusurwar da agogo yake. Wasu 'yan akwatuna za su fito, ɗaya daga ciki na kulle juyawa ne. In ka gan shi a dushe ba ya dannuwa, to a buɗe take kamar littafi, sai ka tura allon baya tukuna. Da hoton ya tsaya daidai ka danna, shi ke nan ta daina rawa. Ya ce ko jikarsa ta iya.

In kuwa duk wannan shimfiɗa ce don wata rana ka ce mini kwamfuta ta lalace, ka “kai ta gyara” kamar keken ɗinkin Mama da ya tafi gyara shekara tara ke nan bai dawo ba, to ka sani na rubuta lambar da ke ƙarƙashinta.

Kuma kada ka fara yi mini waƙar “ki taho gida.” Shekara biyu suka rage takarduna su cika in samu fansho. In na motsa, 'ya'yan Sinyora ba za su jira ni ko mako ɗaya ba. Kowace Lahadi akwai mata goma a bakin coci da jakunkunansu suna jiran gurbi. Sai bikin Ista zan zo gida.

Zan kira ran tara ga wata, ƙarfe uku. Ka tabbata ina tsaye.

Domnica

Dorohoi, 11 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Gaisuwa, da fatan bayan ya yi sauƙi. Ki daina ɗaga matar nan ke kaɗai. Maganar keken ɗinki kuwa, yana nan a hannun mai gyara. Mai gyaran ne ya mutu, magadansa kuma ba su da kunya. Bar wannan.

Jikar mutuminki ta fi ni, na yarda. Na kashe, na kunna. Na ninke, na taɓa kusurwar agogo. Akwatuna suka fito ras: na haske, na sauti, na jirgin sama, har da wani mai hoton jinjirin wata da ban san aikinsa ba. Na kulle juyawa kuwa ba a dushe yake ba. Babu shi. Ya yi ƙaura kamar samarin ƙauyenmu, bai bar adireshi ba.

Sai na yi dabarar talaka. Na buɗe ta kamar littafi, madannai a ƙasa, allo a tsaye, domin a haka ba ta juyi. Na ɗora ta a kan matashi a gaban Gwaggo. Rabin yini ni da Aglaia muka kwashe muna lallashi kafin ta yarda a cire tawul. Aglaia har ta rantse da lafiyar jikokinta. Ni ban rantse ba, na san darajar rantsuwata a gidan nan.

Kin ga farkon abin, ba ki ga ƙarshensa ba. Kika fito a tsaye, kika ce, “Mama, ga ni, duba, kofi nake sha.” Gwaggo ta kafa wa allon ido. Ta ce, “Domni?” Ta miƙa hannun mai lafiya za ta shafa fuskarki. Kin san hagu bai san ƙarfinsa ba. Allon ya tafi baya, ya wuce inda ya kamata ya tsaya. 'Yar ladabi ta ɗauka an ce ta durƙusa. Ta yi duhu na ƙiftawar ido, kika dawo a kwance. Ta sake ƙiftawa, kika kife.

A gabanta, Domnica. Tana kallo.

Ba ta yi ihu ba. A hankali ta ce, “Sun tayar da ke saboda ni, 'yata, amma ƙafafun ba su ɗauke ki ba. Kwanta abinki.” Sannan ta juyo wajena. “Kai kuma, Gavril, ba ka gaji ba? Safta ba ta ishe ka ba?”

Ba kya nan aka yi na Safta ta bakin rijiya, bari ki ji shi daga bakin mai laifi. Ɗanta ya faɗo daga saman gini a Sifaniya, ya mutu. Aka ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ƙauye duka ya haɗa baki a ɓoye mata. Wa za a nemo ya riƙe maganar? Sai mai bakin da zai sayar da riga hujajjiya ya ce mai shan iska ce. Wata biyu ina zuwa ina kara mata wayata a kunne, tana jin tsofaffin saƙonnin muryarsa, ina ce mata layi ne ba ya kai tata muryar. Sai ranar da kayansa suka iso a motar Nelu ta gane. Duk tsawon lokacin Gwaggo tana zaune a ɗakin, ita ke riƙe mata hannu. Ta san yadda ake yi, ta san mai yi.

Saboda haka kada ki ce in kara mata waya ta ji muryarki. Na gwada, ta ce, “Wannan dabarar a gabana ka koye ta.” Hotonki a wayata kuwa, da yanar idon nan tata, ɗigon haske kawai take gani.

Abinci: ɓawon burodi da ruwan shayi. Aglaia ta tuƙa mata tuwon masara da cuku, irin wanda da can take sidar kwanonsa, ta ce a miƙa wa masu wucewa. Zoben aurenta ya fara yawo a yatsa.

Ba waƙa nake yi miki ba. Abin da ke kan tebur nake nuna miki.

Gavril

Padova, 18 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiya sosai, tun da na karanta wasiƙarka abinci ba ya wuce mini. Ka yafe mini maganar keke.

Ban san haka aka yi na Safta ba. Ba na ganin laifinka, ai kowa ya sa hannu. Amma ka dubi rayuwata. Ina nan ina ba uwar wasu abinci a baki, cokali-cokali, ina yi mata waƙa da harshen da ba nawa ba don ta haɗiye. Tawa kuma tana can tana ƙin ci saboda ni.

Ga kallabina mai ruwan toka a cikin ƙunshin da na ba Nelu, wanda ta ɗaura mini ranar da zan taho. Kwana uku ina aiki da shi a kaina ban wanke ba. Ka ba ta ta shinshina. Mamaci ba ya warin albasa da man zafi.

Ka kai kwamfutar wurin mai gyara na gaske, ba abokin shan giyarka ba.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Na yi magana da babban ɗan Sinyora. Ya ce in na tafi kafin Kirsimeti, in tafi da akwatina duka. Na ji, na gani. Nelu zai tashi daga nan ran huɗu ga Disamba. In ka ce in taho zan shiga motar, fansho ya tafi inda zai tafi. Amma ka faɗa mini gaskiya, irin wadda ake faɗa a gida, ba ta kasuwa ba. Kalma ɗaya nake so: taho, ko zauna.

Ƙanwarka,
Domnica

Dorohoi, 25 ga Nuwamba

Ƙanwata Domnica,

Sannu da aiki. Ki ci abinci, kada a zama biyu. Nan dusar ƙanƙara ta fara sauka, rigunan sanyi sun tuna suna da masu so.

Na kai 'yar ladabi wurin Pintilie, mai ɗan shagon nan bayan masu kifi. Ki kwantar da hankalinki, ba ya shan komai, likita ya hana shi, shi ya sa yake jin haushin kowa. Ko ɗago kai bai yi ba.

“Me ta yi?”

“Kisan kai.”

“Ajiye ta can, bayan wadda ta kashe aure.”

Da ya ji labarin dai ya tura sauran gefe. Ya ce a cikinta akwai wani ɗan abu kamar ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, shi ke gaya mata ina ne ƙasa, ina ne sama. Tsakaninsa da kwamfutar kuma akwai tafinta. Ranar da ta sabunta kanta, ta sallami tsohon tafinta ta ɗauko sabo wanda ba ya jin yaren. Ma'auni ya ce ƙasa, tafinta ya ce sama. Shi ya sa makullin ma ya ɓace. Zai kori sabon, ya dawo da tsohon, ya hana ta sake taɓa wannan wurin. In hakan bai yi ba, to siririyar wayar da ta bi ta cikin gaɓar da take lanƙwasawa ce ta gaji, sai an aiko da wata daga birnin Iași. Na ce, “Kwana nawa?” Ya ce, “Kai in an tambaye ka yaushe za ka fara gaskiya, me kake cewa?” Na ce mako ɗaya. Ya ce to haka.

Ya ara mini wata tsohuwar kwamfuta marar lanƙwasa, na kai ƙauye. Gwaggo ta ƙi dubawa. Ta ce in da gaske ne, wadda ta kwantar da ke ita za ta tashe ki, a kawo waccan za ta duba. Kin ga ke nan akwai ƙofa.

Ita kanta ta natsu. Ta daina kuka, tana barci sosai. Azumin Kirsimeti ya kama tun sha biyar ga wata, kin san ba ta taɓa sha ba, kuma rabin ƙauye ma wake da kabeji yake ci yanzu. Kallabin ta karɓa, ta daɗe da shi a fuska, sannan ta ba Aglaia. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya jima a wurinta, ya fito yana cewa bai taɓa ganin mace mai riƙe abin da ta yarda da shi irinta ba.

Kalma ɗayar da kika nema kuwa, ni ɗan kasuwa ne, ban saba sayar da kalma ɗaiɗai ba. Shekara goma sha ɗaya kina ɗaga tsofaffin mutane. Ba ni zan ce ki zubar da su saura biyu ba. Bari mu ga hannun Pintilie.

Yayanki,
Gavril

Padova, 2 ga Disamba

Yaya Gavril,

Sau huɗu na karanta. Ta natsu, tana barci, tana azumi, har tana kyauta. Mamata ke nan, ta dawo. Na je coci na kunna kyandir na godiya, na dawo na ci kwano biyu.

Zan zauna. Ɗan Sinyora ya sauko, ya yarda in zo na kwana goma bayan sabuwar shekara, gurbina yana nan. Na saya wa Mama takalmin ɗaki mai gashi a ciki, kada ka gaya mata, da hannuna zan sa mata.

Ka gaishe da Pintilie mai haushi. Kai kuma Allah ya saka maka. Na yi maka mummunan zato, ashe kai ne ɗan'uwa.

Domnica

Dorohoi, 22 ga Disamba

Domnica,

Ina fatan kin isa lafiya, kuma sun bar miki gurbinki. Ba zan tambayi lafiyarki ba, na gan ki. Kwana biyu kika yi a ƙauye wajen jana'izar Gwaggo. Kin yi magana da Fada, da masu haƙa kabari, da karen Aglaia, har da tsofaffin nan biyu da suka ja da baya suna addu'a da suka ga kin sauko daga mota da ƙafafunki. Ban da ni. Kin yi daidai. Amma akwai abin da ya kamata ki sani, in kin gama karantawa ki sa a wuta.

Babu ƙarya ko ɗaya a wasiƙata ta ƙarshe, ki sake dubawa. Sana'ata ke nan. In riga ta yage ba na cewa ba ta yage ba, ninke ta nake yi yagar ta koma ciki. Ta daina kuka domin ta gama shawara. Tana barci domin ba ta da ƙarfin zama. Azumi kuwa, Fada ya ce mata an ɗauke wa marar lafiya, ta ce ai ba na Kirsimeti take yi ba. Ya jima a ɗakin ne domin ta nemi ya yi miki addu'ar arba'in, ya ƙi, suka yi ta ja. Kallabin ma ba kyauta ba ce. Da kyandir a kunne ta miƙa wa Aglaia shi, ta ce, “Don ran Domnica.” Bakin Aglaia ya kuɓuce ta ce, “Allah ya karɓa,” kamar yadda ake amsawa. Kayan mamaci a motar Nelu suke zuwa. Ke kin manta. Ni na sani, kuma na miƙa mata.

Kalmar da kika nema tana bakina tun ranar. Sai na yi lissafin ɗan kasuwa: in Pintilie ya gama da wuri, ke kin tsira da fansho, ita ta tsira da ke, ni kuma sau ɗaya a rayuwa in zama wanda ya gyara abu a ƙauyen nan. Na yi ciniki da kayan da ba nawa ba. Ko ranar da kika saci minti biyu kika kira ni, kika ce, “Yaya Mama?” na ce, “Tana nan.” Tana nan ɗin kuwa.

Ashe har da wayar cikin gaɓar. Aka aiko da ita daga Iași, ƙanƙara ta tsare hanya kwana biyar. Ran Alhamis, sha ɗaya ga wata, Pintilie ya kira ni. Makullin ya dawo inda mutuminki ya ce. Ya ninke ta, ya danna, ya yi ta jujjuya ta a hannu kamar mai toya fanke, hoton ko motsi. Ya ce, “Yanzu ko a rufi ka rataye ta, mutum zai tsaya da ƙafafunsa. Yi sauri.”

Na bar teburin gwanjona a buɗe, na shiga motar ƙarfe ɗaya. Alhamis ce, ranar hutunki, na ce Allah ya haɗa mana. Aglaia ta ɗago mata kai da matashi biyu. Ta yarda ta duba, Domnica. Ta cika alkawarinta.

Na kira ki. Yanzu na san a lokacin kina asibiti da Sinyora, waya tana cikin jaka. Sau bakwai na kira. Kin san in ana kira ba a ɗauka ba, hoton mutum ne yake tsayawa a kan allo. Naki shi ne wanda aka ɗauke ki a bakin cocin can, da baƙar riga, hannuwa a haɗe a gaba, ba kya murmushi. Tsaye ƙyam, babu karkata ko ta gashi ɗaya. Pintilie ya iya aiki.

Ta daɗe tana kallo. Na ce, “Gwaggo, ga ta nan a tsaye, yanzu za ta ɗauka.” Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “To, madalla. Sun gyara ta. Haka ake miƙar da su kafin a rufe akwati.” Sannan ta ce wa Aglaia ta sa mata kyandir a hannu, kamar yadda ake yi wa mai barin duniya.

Kin kira ƙarfe shida. Kina ta “Mama, Mama” a tsaye, daidai, murya tar. Tana numfashi, amma ba ta sake buɗe ido ba. Sauran kin sani.

Kwamfutar na ba Nelu, za ta iso ki tare da wannan. Lafiyarta ƙalau.

Gavril

Ƙari. Jiya kafintan ƙauye ya tare ni a tasha. Ashe tun tsakiyar Nuwamba Gwaggo ta kira shi ta taga, ta ba shi agogon Kawu Toader, ta ce ya yi mata gicciye biyu iri ɗaya. Ɗaya kin gan shi, yana kan kabarinta. Ɗayan yana jingine a rumfarsa, da sunanki a sassaƙe, da shekarar haihuwarki, da ta bana. Ya ce yana tare masa wuri. Ƙonawa ba kyau. Sayarwa kuma ko ni ban san wa zan tallata wa ba, Domnica ba su da yawa a yankin nan. Ya ce itace ne mai ƙwari, zai yi shekara talatin ruwa bai ci shi ba, kuma lambobi biyun ƙarshe ana iya kankare su a sake.

In ajiye miki?